Yadda Ake Burge Manaja da Kalmar “Actually”

Kai mai koyon Turanci, matso kusa, na san ciwonka. Ka sayi ƙamus ya zama matashin kai. Ka shiga ajin yamma ka gudu a mako na biyu. Har yau in aka jefo maka tambaya da Turanci sai ka yi yaƙe kana gyaɗa kai kamar ƙadangare. To share hawayenka, kalma ɗaya tak ta ishe ka, sunanta actually. Bi matakan nan takwas yadda na jera su, na yi maka alkawari cikin mako shida babu wanda zai rasa sanin da zamanka a wurin aikinku, har sabon suna za a raɗa maka. Wane irin suna ne, wannan ba ya cikin alkawarin.

Ba maganar baki nake yi maka ba, an gwada an gani a kan wani direba da ake kira Sannu-Sannu. Shekara goma sha tara yana jan motar kaya a wani kamfani mai rarraba magunguna zuwa kantuna da asibitoci. A titi ya samo sunan: bai taɓa wuce sittin ba, bai taɓa goge fentin motar wani ba, in abokin tafiya ya ce ya taka mana, sai ya ce maganin da ya faɗa rami ba ya warkar da kowa. Turancinsa kaɗan ne amma na gaske, irin na aiki. Yana karanta takardar kaya, yana iya cewa an kawo, an karɓa, taya ta yi faci. Da wannan ɗan Turancin ya riƙe gida, ya sa 'ya'ya huɗu a makaranta, har ta farin ta zama malama.

Sai aka kawo sabuwar manaja, mace mai saurin tafiya da saurin magana, wadda ko “zo in kashe ki” ba ta ji da Hausa. Aka kuma ce za a naɗa shugaban direbobi, mai tebur da kujera a ƙarƙashin fanka, wanda zai riƙa raba makullai da safe maimakon ya yini a titi. A lokacin Sannu-Sannu ya fara ciwon baya, in ya sauko daga mota sai ya dafa ƙofa kafin ya miƙe. Kujerar nan tasa ce, kowa ya sani, har masu lodi sun fara yi masa barka. Abin da ya rage kawai shi ne ya ɓata ta da hannunsa. Ga yadda ake yi.

Mataki na ɗaya: Tsinci kalmar a bakin wani, kada ka tambayi ma'anarta

Tambaya aikin marasa zuciya ce. An ce matambayi ba ya ɓata, amma ba a gaya maka matambayi ba ya burge kowa ba.

A taron ma'aikata na safiyar Litinin abin ya faru. Manaja tana faɗa a kan wasu kwalaye da ta ce tun Laraba aka kai su asibiti ba a kawo mata takardar shaida ba. Kowa ya sunkuyar da kai. Sai sakatare, wani siririn mutum mai ɗamarar wuya, ya gyara tabarau ya ce da Turanci, “Actually, Madam, ranar Alhamis aka kai su.”

Manaja ta tsaya. Ta duba takardar da ke hannunta, ta juya ta, ta ce a yi haƙuri, ta yi wa sakatare godiya.

Sannu-Sannu yana can ƙarshen benci, baki buɗe. Shekara goma sha tara bai taɓa ganin manaja ya ba da haƙuri ba, yau ga kalma ɗaya ta durƙusar da wata. Cewa kayan nan da gaske ranar Alhamis aka kai su, wannan bai shiga lissafinsa ba. Shi a ganinsa kalmar ce ta yi aikin, ba Alhamis ba. Ya zaro biro daga aljihu ya rubuta ta a bayan takardar kaya yadda kunnensa ya ji: akcuwali.

Kai ma haka za ka yi. In ka ga mutum ya ɗaga bindiga an watse, kada ka tsaya binciken ko akwai harsashi a ciki. Nemo sanda mai kama da ita.

Mataki na biyu: Gwada ta a gida, inda ba a korar mutum

Kalmar nan ba a furta ta a tsaye kamar ana kiran akuya. Ka ja farkonta, ka ɗaga yatsa ɗaya, ka yi shiru na ɗan lokaci bayanta don mai sauraro ya san babban abu na tafe. Ko babu abin da ke tafe, shirun ma kwarjini ne.

Kwana uku Sannu-Sannu yana gwaji a madubin mota, duk inda danja ta tsayar da shi. Rana ta huɗu ya kai ta gida. Matarsa ta ajiye masa abinci a kan tabarma ta koma kan kekenta na ɗinki. Ya ci loma biyu, ya ɗaga yatsa.

“Aaak-cuwali.”

Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Malam, in mutum ya yi atishawa ai hamdala yake yi.”

“Ba atishawa ba ce, Turanci ne. Cewa nake abincin ya yi daɗi ƙwarai.”

“To shekara talatin kana cin sa da Hausa, yau ne ya koma na Turanci? Me take nufi?”

“Kamar wallahi ce, amma ta manya.”

Ta cije zare ta ce Allah ya ba da sa'a. Shi kuwa ya ɗauki wannan a matsayin nasara, domin ba ta musa ba. Lura da kyau: matar da ta ce maka Allah ya ba da sa'a ba tare da ta dube ka ba, ta riga ta ga ramin, ta bar ka da shi ne kawai.

Mataki na uku: Sa ta a gaban kowace magana kamar sallama

Kada ka yi mata rowa. Gishiri kaɗan ake sawa, amma wannan dokar masu dafa abinci ce, kai kujera kake nema.

Da safe manaja ta wuce ta bakin gareji ta yi masa barka da safiya. Ya ƙame, ya ɗaga yatsa, ya ce, “Actually, barka da safiya, Madam.” Baiwar Allah ta duba agogon hannunta, a zatonta ta makara har rana ta yi. Ta tambaye shi ko ya sha mai, ya ce actually ya sha. Ta tambaye shi ko hanyar asibitin yara ce zai bi, ya ce actually ita zai bi. Tun tana ɗaga gira har ta koma matse baki, domin duk abin da ta faɗa daidai ne, kuma duk sanda ta faɗa sai dattijon nan ya amsa mata da muryar mai gyara kuskure.

Babbar nasarar ta zo a mako na uku. Manaja ta iso ta tarar da masu lodi sun tare wurin ajiye motarta, sai wani ɗan tsukin wuri tsakanin motocin kaya biyu. Ta juya kan mota, ta shiga da baya, sau ɗaya tak, ko madubi bai taɓa komai ba. Sannu-Sannu ya san aiki in ya gan shi, kuma har cikin ransa abin ya burge shi. Ya taho da sauri yana dafe da baya.

“Actually, Madam, kin iya tuƙi!”

Ta tsaya da makulli a hannu. Ta dube shi daga hula har takalmi, ta ce a hankali, “Da ka zaci ban iya ba?”

Bai kama duk kalmomin ba, amma ya ji ƙarshen maganar ya ɗaga sama, alamar tambaya ce, shi kuwa tun yana ƙaramin direba ya san tambayar manya amsarta ɗaya ce.

“Actually, yes, Madam.”

Sakatare da ke kan matakala ya kusa haɗiye ɗamarar wuyansa. Kafin la'asar labari ya gama kamfani, masu lodi suka daina cewa Sannu-Sannu suka koma Baba Akcuwali. In ya shigo sai ka ji an yi atishawa daga bayan kwalaye. Shi kuma ya riƙa ɗaga musu hannu yana murmushi, a zatonsa sarauta ce aka ba shi. Ka ga alkawarina ya fara cika tun kafin wa'adi.

Mataki na huɗu: Wanda ya zo gyara maka, tuna masa kai ka haife shi

Dole a samu mai shisshigi. Yawanci daga cikin gida yake fitowa, kuma yawanci yana da gaskiya, shi ya sa ya kamata ka yi maganinsa da wuri.

Ranar Asabar 'yarsa ta fari, malamar makaranta, ta zo gaishe su da jaririyarta a baya. Uwar ta riga ta tsegunta mata a waya. Bayan an gaisa an sha ruwa, ta zauna a gefen tabarma ta sunkuyar da kai irin na mai shirin faɗa wa uba abin da ba zai so ba.

“Baba, Umma ta ce ka samo wata kalma.”

“Actually, na samo.”

“To Baba, ba wallahi ba ce. Kalmar gyara ce. In mutum ya ɗauka abu kaza ne, alhali ba haka yake ba, sai ka ce actually, ka faɗa masa yadda yake. Kamar a ce, ai ba haka ba ne. In babu abin gyarawa, ba ta da aiki a wurin. In ƙarfafa magana kake so, ga very, ga really, su ne nasu aikin.”

“Haka suka koya miki?”

“Haka take, Baba. In ka ce wa mutum actually ka iya aikinka, ka gaya masa ke nan da can ba ka ɗauka ya iya ba.”

Sai abin ya dawo masa. Ya ga fuskar manaja a bakin mota da makulli a hannu, ya ji yadda ta ja maganarta a hankali, sai yanzu ya gane sanyin da ke cikinta. Kunya ta taso masa tun daga wuya. Da su biyu ne kawai a ɗakin, wataƙila da ya ce ta maimaita masa. Amma ga matarsa ta tsayar da keke tana saurare, ga surukinsa, mijin 'yar, a bakin ƙofa yana cire takalmi.

Ya gyara zama ya ce, “Ke, da sitiyarin nan aka kai ki makarantar da kika koyo Turancin. Naki na allo ne da yara, nawa na ofis ne da manya. Ba ni jikata in gani.”

Ta kwanto jaririyar ta miƙa masa. Ya ɗora ta a cinya yana yi mata wasa da yatsa, amma idonsa ba ya kanta.

Madalla da wannan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ko da abin da babban ya hango bango ne kuma da gudu yake tunkararsa.

Mataki na biyar: In an yaba maka rabin magana, haɗiye sauran

A garejin kamfanin akwai wani tsoho da kowa ke kira Baba Makaniki. Shekara ɗaya suka fara aiki da Sannu-Sannu, ya girme shi da kusan goma, hannunsa ya yi baƙi da mai har sabulu ya haƙura. Ba ya jin Turanci ko kaɗan. Tun zuwan sabuwar manaja, duk abin da zai faɗa mata ta bakin Sannu-Sannu yake bi.

Wata Talata da safe ya fito daga ƙarƙashin mota ta uku yana goge hannu da tsumma.

“Sannu-Sannu, zo ka ji. Birkin motar nan ya gama. Tiyon mai yana yoyo, na ɗaure shi da dabara amma ba zai kai ko'ina ba. Ka gaya wa matar nan kada motar ta fita sai an sa sabo.”

“An gama.”

Da azahar ya sake tare shi a bakin famfo. “Ka gaya mata?”

“Tana taro. Yanzu zan faɗa.”

“Ka faɗa fa. Rai ne.”

Wajen ƙarfe huɗu sai ga ta ta ratso gareji da waya a hannu, ta ga motar a buɗe, ta tsaya cak. “Na ji an ce mota ta uku tana da matsala?”

Sannu-Sannu ya riga ya shirya jawabinsa tun safe, hawa uku: injin lafiya, fitilu lafiya, amma birki ya mutu. Ba a fara wa babba da mugun labari, wannan tarbiyya ce. Ya gyara hula, ya ɗaga yatsa.

“Actually, Madam, motar tana tashi lafiya.”

Sai ya yi shirun nan da ya koya a madubi.

Ita kuwa Turancinta na gaske ne. Ta faɗi abin da ta ji, babban direba ya ce mata actually, ma'ana ba haka ba ne, an yi mata ƙarya, mota ƙalau take. A karo na farko tun da ya fara jifanta da kalmar, ta faɗo a inda take da ma'ana. Fuskarta ta saki. Ta ce madalla, ta ce ya sauƙaƙa mata, domin gobe akwai kaya da yawa. Har murmushi ta yi masa, wanda mako biyar bai gani ba. Wayarta ta yi ƙara, ta kara a kunne ta wuce.

“Amma” tana nan a kan harshensa, da birkin da tiyon duka. Taku goma ne tsakaninsa da bayanta. Ya ɗaga ƙafa, sai ya tuna murmushin, ya ga in ya bi ta yanzu zai karɓe shi da hannunsa. Ya ce a ransa gobe da sassafe, kafin a raba makullai.

Daga ƙarƙashin mota muryar tsoho ta fito. “Ka gaya mata?”

“Mun yi magana.”

Haddace wannan amsar. Ba ƙarya ba ce, kuma ba ta ɗauke da gaskiya ko ƙwaya ɗaya. Manyan ma'aikata da ita suke kaiwa ritaya.

Mataki na shida: In abu ya lalace, ka ce Allah ya kiyaye gaba

Washegari tun kafin manaja ta iso aka tura shi wani asibiti mai nisa da kayan gaggawa. Lambarta tana cikin wayarsa. Tun daga bakin ƙofa yake haɗa jimlar da zai faɗa mata, yana rushewa, yana sake haɗawa, domin ya rasa yadda mutum zai gyara maganar da ya fara da kalmar gyara. Baba Makaniki kuma ya tafi kasuwar kayan mota neman tiyo, hankalinsa kwance, ai an yi magana.

Aka ba wani direba da ake kira Gajere makullin mota ta uku. Mutum ne mai 'ya'ya uku ƙanana, ba ya da yawan surutu. A wata gangara da ke sauka zuwa tashar bas ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba ta tarar da komai ba. A gabansa mata ne tsaye da kaya suna jiran mota. Ya karya sitiyari ya ba katangar wani kango gaban motar. Kwalabe suka farfashe, magani ya malala a titi, wuyan hannunsa na dama ya karye wuri biyu, goshinsa ya tsage. Matan ko ƙwarzane.

A hanyar dawowa labarin ya samu Sannu-Sannu. Ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya zauna riƙe da sitiyari kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki. Motoci suna wucewa suna girgiza tasa. Bai san tsawon zaman da ya yi ba.

Da yamma ya je asibiti. Gajere yana kwance da hannu a naɗe, ya buɗe ido ɗaya ya ce, “Baba, birkin ne. Na taka, na taka, babu.”

Sannu-Sannu ya dubi ƙasa ya ce, “Allah ya kiyaye gaba.”

Da a nan ya tsaya, da yau ina nuna maka shi a matsayin ɗalibin da ya fi kowa.

Mataki na bakwai: Kada ka kuskura ka yi amfani da ita daidai

Wannan shi ne matakin da ya fi duka muhimmanci, kuma a nan mutumin namu ya watsa mini ƙasa a ido.

Ranar Juma'a da safe aka kira taro. A bakin ƙofa sakatare ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa takardar naɗinsa tana kan teburin manaja, shi ya buga ta da hannunsa, sa hannu kawai ya rage. Duk da atishawar da maganar tuƙi, matar ta duba shekara goma sha tara ba haɗari ta ce shi ya cancanta.

Aka zauna. Baba Makaniki yana gefensa a kan benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Manaja ta yi magana ba ɗaga murya. Ta ce ta tambaya da bakinta ranar Talata, aka ce mata mota lafiya take, kuma ta san daga gareji amsar ta fito. Ko dai makaniki ya san birkin ya lalace ya ɓoye, ko kuwa bai sani ba, kuma duk wanda ya kasance a ciki, ba za ta ƙara ba shi ran direba a hannu ba. Ya ajiye makullin gareji kafin a tashi. Ta juyo ga Sannu-Sannu ta ce ya fassara masa.

Tsohon ya ja hannun rigarsa. “Me take cewa? Ta ce a sa tiyon? Ai na sayo, yana aljihuna.”

Abin da ake bukata a nan kaɗan ne. Ka fassara, ka ƙara da cewa sai haƙuri, ka raka shi bakin ƙofa. Tsohon ba zai iya kare kansa ba, da wane baki? In ma ya yi hayaniya, kai ne tafinta.

Sannu-Sannu ya dafa benci ya miƙe. Ya manta da yatsa, ya manta da jan farkon.

“Actually, Madam.”

Daga baya wani mai lodi ya yi atishawa, dariya ta ɓalle ƙasa-ƙasa. Manaja ta rufe ido ta ce don Allah ba yanzu ba, fassara kawai ta ce ya yi.

Bai zauna ba. Ya sake faɗa da ɗan Turancinsa na takardar kaya, kalma bayan kalma kamar mai sauke kwalaye. “Actually, ya faɗa. Ni ya faɗa wa. Sau biyu. Ya ce birki ya mutu, kada mota ta fita. Kin tambaye ni, na faɗi rabi. Rabin ban faɗa ba.”

Dariya ta ɗauke. Ana jin fanka tana juyawa. Manaja ta tambaye shi dalili.

Ya nemi dalili mai kyau a cikin kansa bai samu ba, sai na gaskiyar. “Kin ce madalla,” in ji shi.

Ta juya ga sakatare ta ce ya maida wa makaniki duk abin da aka faɗa da Hausa, kada ya rage komai.

Ka gani ko? Mako biyar yana harba kalmar nan a iska ba ta taɓa kowa ba. Rana ɗaya ya saita ta daidai, ta same shi.

Mataki na takwas: Kada ka jira godiya

An dakatar da shi mako biyu. Takardar da ke kan tebur sakatare ya sake buga ta da wani suna. Daga baya Gajere aka ba kujerar, domin hannunsa ya warke a karkace, ba ya iya juya sitiyari yini guda.

In kana zaton tsohon ya rungume shi, ba ka san mutane ba. A filin gareji ya tare shi ranar taron, gaban kowa, hula a hannu.

“Shekara goma sha tara ina shiga ƙarƙashin motarka kana komawa gidanka lafiya. Magana ɗaya na ba ka ka kai, ka tsaya kana yi mata kwalliya. Da bawan Allahn nan ya mutu fa? Da ya hau kan matan nan fa? Ni za ka tsaya ka wanke?”

Sannu-Sannu ya kama hanyar gida.

A gida matarsa ta saurari labarin har ƙarshe, hannunta a kan keke. Ta ce, “Duk tafiyar nan a hankali, sai da ka zo bakin ƙofa ka yi karo.” Ta tashi ta ɗora masa ruwan wanka, ta kashe rediyo, ta hana yara shiga ɗakin.

A mako na biyu ya je gidan Gajere. Matar gidan ta buɗe masa ƙofa, ta amsa sallama a taƙaice ta shige ciki. Ya zauna a ƙasa duk da an nuna masa kujera, ya faɗi abin da ya kawo shi da Hausa tsantsa, tun daga bakin famfo har murmushin. Gajere ya dubi hannunsa, ya ce, “Baba, ni ban san me zan ce maka ba.”

“Ba sai ka ce komai ba. Na zo ne ka ji daga bakina.”

Ya koma aiki. Kullum da safe yana shiga layi da sauran direbobi, Gajere ya miƙo masa makulli da hannun hagu daga bayan tebur, ya karɓa da hannu biyu. Bayansa bai daina ciwo ba. Manaja tana amsa gaisuwarsa, in tana son sanin lafiyar mota kuma sai ta taho da sakatare gareji ta tsaya har tsohon ya gama bayani. Baba Makaniki ya yi wata uku ba ya ko kallon inda yake. Wata safiya Sannu-Sannu yana shirin fita, tsohon ya zo wucewa da gwangwanin mai, ya daki tayar baya da ƙafa, ya ce ba tare da ya juyo ba, “Wannan tana son iska.” Sannu-Sannu ya kashe mota ya sauko, ya dafa ƙofa ya miƙe, ya je ya ɗauko famfon taya.

Wanke hannu

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin kujerar da ta suɓuce, ko sunan da aka raɗa maka, ko surukin da ya ji ana gyara maka Turanci. Wanda aka dakatar kada ya zo ƙofata, wanda aka kora kada ya ba da lambata. Na koya maka yadda ake ɗaga yatsa da yadda ake shiru, a nan aikina ya ƙare. Wanda kuma ya ga dama ya miƙe gaban mai iko ya ce ba haka aka yi ba, alhali takardarsa tana kan tebur, wannan ba a ajina ya koyo ba. Daga gidansu ya taho da shi, can zai kai kukansa.